Alhamis ɗin Hankaka

Ƙarfe tara da minti goma na safiyar Alhamis Doreen Fewtrell ta buga wa 'yan sanda waya, ta ce ta tarar da dattijon da take yi wa aiki, Aubrey Kempthorne, kwance a gindin matakala, babu rai. Kafin rana ta take duk Ludlow ta ji, kafin yamma kuwa duk Ludlow ta yanke hukunci. Haka muke a garin nan, bakinmu ya fi ƙafarmu sauri.

Sajan Bethan Prosser aka ba binciken. Likita ya ce turo shi aka yi, don ga shatin yatsu a damtsensa, kuma ya cika tsakanin bakwai da tara. A teburin cin abinci ga shayi ya huce, ga jaridar ranar a ninke a shafin kacici-kacici, irin wanda ake jera kalmomi a ƙananan gidaje, an cike gidajen duka da manyan haruffa, fensir na gefe.

"Magana ta ƙare," in ji Sufeto Gittins, shugabanta. "Bakwai saura kwata ake jefo jarida. Kowa ya san sai tsohon nan ya yi awa ɗaya da rabi yake gamawa. Ke nan yana da rai har takwas da kwata. Wa ya shigo takwas da rabi? Doreen. Maƙwabta kuma sun ji su suna cacar baki ranar Litinin. Gobe da safe a tuhume ta."

Prosser ta je ta sami Doreen a ɗakin tsaro. Matar ta yi kuka har idanunta sun kumbura.

"Me kika yi daga takwas da rabi zuwa tara da minti goma?"

"Ta ƙofar baya na shiga, Sajan, na tsaya goge kicin. Ba ya son a yi masa motsi in yana kan jarida."

"Faɗan ranar Litinin fa?"

"A kan gishiri ne. Likita ya hana shi, shi kuma yana ɓoyewa a aljihu. Shekara goma sha ɗaya muna wannan faɗan."

"Kina yin kacici-kacicin nan?"

"Ni? Da jaridar nake naɗe ɓawon dankali."

Prosser ta ji tausayinta, amma tausayi ba ya fitar da mutum daga kurkuku. Abu biyu ne suka tsaya mata a rai. Na farko, babu shatin yatsa ko ɗaya a jikin fensirin, har na mai shi. Na biyu, ta duba tsofaffin jaridun da ya tara a kwando, ta ga duk ya baƙanta gefen shafin da rubutu, yana jera haruffa a da'ira yana juya su. Ta yau kuwa gefenta fes.

Kempthorne yana cikin wata ƙungiya da ke haɗuwa ranar Talata a mashayar da ke bayan kasuwa, su yi ta gardama a kan tambayoyin kacici-kacicin jarida. Mutum biyu ne a cikinsu ke zuwa gidansa. Prosser ta fara da Leonard Beddoes, tsohon malamin makaranta, gwanin ƙungiyar, mutumin da bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Bai jira ta tambaya ba ya miƙo tikiti. "Jirgin ƙasa na takwas saura minti goma na hau zuwa Shrewsbury. Likitan haƙori. Ga shi nan."

"Ban tambaye ka ba tukuna, Mista Beddoes."

"Na sauƙaƙa miki aiki ne."

Ta hangi kofin azurfa a kan kantar falonsa. Ya ce na gasar ƙirƙirar tambaya ne, bana ya ci. Sai ta yi kamar ba ta san komai ba, ta ce ya koya mata yadda abin yake. Ai kuwa ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi.

"Kowace tambaya rabi biyu ce, Sajan. Rabi yana faɗa miki ma'anar kalmar. Ɗaya rabin yana gina ta: a hargitsa waɗannan haruffan, a yanke kan waccan kalmar, a cusa wannan cikin wancan. Sai rabin biyu sun yarda da juna amsa ta tabbata. Ta yau ma ta Hankaka ce." Ya ɗaga jaridarsa kamar mai nuna hoton ubansa. "Masu haɗa su ba sa sa sunansu, laƙabi suke sawa. Hankaka sau ɗaya yake fitowa a wata, kuma babu kamarsa a ƙasar nan. Shekara talatin ina binsa. Da zan gan shi, takalminsa zan goge."

"Minti nawa ta ɗauke ka?"

"Goma sha tara. Ƙarfe shida nake saye a kanti, kafin in gama shayi na gama ta."

"Mista Kempthorne fa?"

Ya taɓe baki. "Aubrey mutumin kirki ne, amma tafiyar hawainiya yake yi."

Ta roƙi aron jaridar don ta koya. Ya ba ta yana murmushi.

Daga nan ta wuce gidan Winifred Oakshott, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ke riƙe da mukullin gidan mamacin. Prosser ta zo mata da zargi a ranta, don tsohuwar sai kauce wa ido take yi.

"An ce duk Juma'a kina gidansa. Me ke kai ki, Mis Oakshott?"

"Shan shayi."

"Da ƙofa a rufe, har Doreen ba ta shiga?"

Prosser ta ajiye mata hoton jaridar da aka samu a teburin. Winifred ta gyara tabarau, ta dubi laƙabin da ke saman shafin.

"Ba shi ya cike wannan ba."

"Rubutun ne ba nasa ba?"

"Manyan haruffa duk ɗaya ne, 'yata. Ba shi ba ne." Ta ja numfashi. "Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, amma ba zan bar Doreen a can ba. Aubrey shi ne Hankaka. Ni nake gwada masa kowace tambaya kafin ya aika, shi ne aikin Juma'a. Wane mahaukaci ne zai zauna cike abin da ya haɗa da hannunsa? Ranar da tasa ta fito, leƙawa kawai yake yi ko maɗaba'a ta yi kuskure, ya ninke."

Ta ƙara kusanto da hoton. "Ga shi ma an yi kuskure. Ta goma sha huɗu, mai gangarowa ƙasa. Kalmar ta shiga gidajen, ta yi daidai da ma'anar, amma ba ta ginu daga ɗaya rabin ba. Tarko ne ya ɗana wa masu gaggawa."

Prosser ta zaro jaridar Beddoes ta duba ta goma sha huɗu. Sannan ta yi tambaya ɗaya game da kofin azurfa, Winifred ta ba ta amsa.

Washegari da safe, maimakon a tuhumi Doreen, Beddoes ne zaune gaban Prosser da Sufeto Gittins.

"Wanda ya cike jaridar nan so yake a ce Kempthorne ya kai takwas da kwata da rai," in ji Prosser. "Amsoshi ba sa fitowa sai washegari, don haka sai wanda ya riga ya warware ta kafin bakwai da rabi. Doreen ba ta iya ba. Kwafa ya yi, shi ya sa babu lissafi a gefe, kuma ya goge fensir. A ta goma sha huɗu ya yi kuskure. Kai ma ka yi, iri ɗaya sak."

"Ban yi kuskure ba," in ji Beddoes da sauri. Wai mutum ana maganar kisan kai, shi abin da ya dame shi ke nan.

"Ka yi. Kuma tambayar da ka ci kofi da ita, daga tsohuwar jarida ka tsinto ta. Kempthorne ya gane, ya ba ka zuwa Talata ka mayar da kofin, ko ya faɗa a gaban ƙungiya. Ka je roƙonsa ƙarfe bakwai, ya ƙi. Daga gidansa zuwa tasha tafiyar minti takwas ce."

Beddoes ya sunkuyar da kai. "Bin sa na yi sama ina roƙo, ya juya mini baya. Ina ruwansa? Tambayar Hankaka ce ta shekara ashirin da takwas da suka wuce. Babu mai tunawa. Shi da ba ya gamawa sai rana ta fito, me ya sani a kanta?"

"Shi ya rubuta ta, Mista Beddoes."

"Me kika ce?"

"Mis Oakshott ba za ta cike masa jaridar ranar nan ba, don ta san ko shi wane ne. Kai ne ba ka sani ba. Hankaka ka turo daga matakala."

Sufeto ya karanta wa Beddoes tuhuma, amma ba na jin ya ji ko kalma ɗaya.

Prosser da kanta ta mayar da Doreen gida a mota. Suna hanya ta gaya mata ko wane ne maigidanta.

"Shi?" in ji Doreen. Ta share hawaye da bayan hannu. "Shi ya sa. Sau ɗaya a wata yakan miƙo mini jaridar ko gida ɗaya bai cike ba, ya ce, Doreen, ga ta dankalinki."