Faifan Malam Sabo

Da hantsi aka kira Sufeto Bello zuwa Malali. Malam Sabo, tsohon ma'aikacin safiyo, yana kwance a ɗakin karatunsa, jini ya bushe a ƙeyarsa. An ɓalle tsohuwar kwamfutarsa mai aiki da tsarin da ake kira Unix, an zare faifan ajiyarta an yar a ƙasa.

"Hajiya, me ke cikin faifan nan?"

Larai, matar mamacin, ta share hawaye. "Tsoffin taswirorin filaye. Kullum yana gabansu. Kotu ta nemi ya kai mata taswirar filin wasu marayu a Badarawa."

Khalid, ɗan wan mamacin, ya matso. "Ranka ya daɗe, aikin Audi ne, direban Baffa. Jiya na ji suna cacar baki."

Aka kulle Audi, yana rantsuwa. "Wallahi yallaɓai, ni ko lamba a wayata sai an sa mini!"

Hankalin Bello bai kwanta ba. Ya kai faifan wurin Kofur Nafisat, mai binciken na'urori. Ta daɗe tana dubawa kafin ta ɗago.

"Yallaɓai, an jona shi da kwamfutar zamani. Ita ba ta gane yadda Unix ke raba faifai ɗaki-ɗaki, sai ta ce fanko ne, a sabunta shi? Wani ya danna eh. Tambarin bakin ƙofa kawai ya goge, ɗakunan suna nan. Na buɗe su."

Bello ya sa aka kawo Khalid ofis.

"Ka taɓa taɓa kwamfutar Baffanka?"

"Ni? Ko ɗakin ba na shiga. Allah ya jiƙan Baffa, tsufa ne. Yana ta gadin faifan da babu komai a ciki."

"Wa ya ce maka babu komai?"



"Duk gidan sun sha ganin taswira a allonsa," in ji Bello. "Mutum ɗaya ne zai ce fanko ne: wanda ya jona shi da tasa kwamfutar."

Nafisat ta juyo masa allo. Ga filin marayu, iyakarsa ta ratsa daidai inda Khalid ya gina jerin shaguna.

Gumi ya karyo masa. "Roƙonsa na yi ya goge. Ya ce amanar marayu ce, ko ɗan cikinsa ba zai rufa wa asiri ba. Na ture shi, kansa ya bugi tebur."

Aka saki Audi, ya fita bai kalli kowa ba.

Ana sa wa Khalid ankwa, idonsa na kan allon. "Amma kwamfutata ta ce min babu komai."

"Yaren ne ba ta ji," in ji Bello. "Ku tafi da shi."