Jan Fitsari Ba Girma Ba Ne

A wani ƙauye kusa da Gozaki akwai wani yaro ɗan aji biyar. Kai, yaron nan akwai gudu! Shi aka zaɓa ya wakilci makarantarsu a gasar tsere a Malumfashi.

Da damina aka yi ambaliya. Da ruwa ya janye, sai ya bar ramin da ake haƙar ƙasar gini cike taf. Ruwan ya kwanta har ya yi kore.

"Kada in ga ƙafarka a ramin nan," in ji babansa.

"To, Baba."

Ina! Kullum aka tashi daga makaranta, shi da abokinsa Rabe sai iyo a ramin.

Bayan wata biyu ya ga jini a fitsarinsa. Tsoro ya kama shi, ya gaya wa Rabe.

Rabe ya yi dariya. "Barka! Ni ma ina yi. Yayana ya ce duk namijin da ya fara jan fitsari ya girma."

Sai yaro ya ɓoye maganar, har da tafiyar manya.

Amma ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Ranar gwajin gudu shi ya zo na ƙarshe. Ya zauna yana haki, yana hawaye.

Malam Abdussamad, malamin wasanni, ya ja shi gefe. "Me ke damunka? Kada ka ɓoye mini."

Kunya kamar ya nutse, amma ya faɗa.

"Subhanallahi! Wannan ba girma ba ne, tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana cikin kwantaccen ruwa, ta fata take shiga."

Malam ya sanar da babansa. Ranar nan baban ya kai shi asibiti, aka ba shi magani. Washegari yaro ya kama hannun Rabe, bai sake shi ba sai a gaban likita.

Saura mako huɗu gasa.

"Ka haƙura sai baɗi," in ji babansa.

"Baba, bana zan yi, in sha Allahu."

Kowace safiya yakan zagaya gonarsu ta masara da gudu. Da farko sau ɗaya, da ƙyar. Daga baya har sau biyar.

A Malumfashi ya zo na biyu. Babansa ya ɗaga shi sama yana dariya.

Yaro ya ce, "Baba, ni da kwantaccen ruwa har abada. Kuma in na ga ciwo a jikina, kai zan fara faɗa wa, ba Rabe ba."