Furen Tsagar Dutse

Ranar da ta fara ganinsa, usur na bakinta. Aikinta ke nan a kamfanin fasa dutse na mahaifinta: ta busa, kowa ya gudu, nakiya ta tashi. Ta busa, kowa ya gudu, ban da wani siririn saurayi da ke durƙushe yana leƙen tsagar dutse.

"Malam, ka gaji da duniya ne?"

"Zo ki gani," ya ce.

Fure ne ɗan mitsitsi, shuɗi mai farin baki. Ba ya fitowa ko'ina sai a inuwar wannan tsagar, inda ruwa ke tsattsafowa. In an dasa shi a tukunya, mutuwa yake. A kansa saurayin ke bincike a jami'a, ilimin da bai taɓa ƙosar da kowa ba.

Ya sa mata suna Usur. Ita kuma ta ce masa Mai Fure.

"Malamin ciyawa?" in ji Baba, da maganar aurensu ta taso. "Na haifi 'ya ne don in ba mai gadin haki?"

Shi Baba injiniyan nakiyarsa ya so ta aura. Da injiniyan ya ji tana roƙon a bar tsagar, sai ya hau ya tumɓuko furen da saiwarsa, cike da bokiti, ya ajiye mata a ƙofar ofis. Iya fahimtarsa da soyayya ke nan.

Mai Fure ya ga bokitin. Saƙonsa ya shigo: "Ke kaɗai na nuna wa wurin. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta rubuta: "Wallahi ban aike shi ba, Mai Furena. Ɗauki wayar."

Bai ɗauka ba. Furen bokiti ya yi baƙi kafin la'asar.

Ranar da za a fasa ɓangaren tsagar, ta hau ta zauna kusa da ɗan furen da ya rage, usur a aljihu.

"Sauko, ja'ira!" Baba ya daka tsawa.

"Ka yi haƙuri, Baba. Yau ba busa."

Labari ya kai wa Mai Fure. Ya hauro yana haki, ya tsuguna gefenta.

"Usur, na zalunce ki."

"Matsa, kana taka shi."

Baba ya kalle su, fuskarsa kamar dutsen. "A bar musu tsagar," ya ce. "A ɗaura musu aure kuma, kafin su kashe ni."

Aka ɗaura, aka yi addu'a, har injiniya ya ce amin. Sauran dutsen kuwa ya tafi a bayan tipa, ruwan tsagar ya ragu. Da damina furen ya fito, 'yan tsiraru, ƙura a kansu.

Ta goge ɗaya da bakin mayafinta. "Ɗanmu zai gan shi kuwa?"

"In ya yi sauri," ya ce, ya riƙe hannunta.

Allah ya bar su tare, ya kawo yaron da wuri.