Hannun Hagu Na Rigar Saminu

Adawiyya na durƙushe a tsakar gida da hantsi, ta baje yankakkiyar shadda ruwan toka a kan tabarma, sai ta ji sallamar Zinariya, yayar mijinta Saminu. Ta yi wuf za ta naɗe, amma ina! An riga an shigo.

"A'a, amarya! Wannan ba shaddar da Inna ta saya wa Saminu don ɗaurin auren autarmu ba ce? Ba Lawal tela aka ce a kai wa ba?"

"Ita ce, Yaya," in ji Adawiyya, kanta a ƙasa.

Zinariya ta ɗauki hannayen rigar biyu ta haɗa su. Na hagu ya gaza na dama da kusan faɗin tafi, kafaɗarsa kuma an yanka ta a karkace.

"Innalillahi! Inna! Fito ki ga ikon Allah!"

Akwai maganar da ba a yi a gidan nan na Daura. Kafin aurensu Saminu ya faɗi da babur a hanyar Zango. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kafaɗar hagu ta sauka, hannun ya ɗan gajarce. Tun daga ranar ba ya fita sai da tawul rataye a kafaɗa, ko ana zafin da ƙasa ke ƙuna. Duk mai jaje kuwa, amsar Inna Kande ɗaya ce: "Ɗana lafiyarsa ƙalau."

Adawiyya ba mai yawan magana ba ce, amma idonta na aiki. Ta ga yadda hannun rigunansa ke haɗiye masa yatsu, wuyan yana zamewa gefe. Ranar da aka kawo shaddar ya ce mata, "Ajiye ta. Ba zan tsaya tela yana jan hannuna a bakin kasuwa ba. Tsohuwar riga zan sa." Shi ya sa da ya kwanta barcin rana ta lallaɓa ta auna kafaɗar da takin hannunta, ta jawo keken ɗinkin da ta zo da shi daga gidansu.

Inna Kande ta fito, ta dubi hannayen rigar.

"Wato ki nuna wa duniya ɗana musaki ne? A taron ɗaurin aure?"

"Wallahi Inna ba haka ba ne—"

"To yaya ne? Ina kika samo wannan awon? Wa ya ba ki?"

Adawiyya ta sunkuyar da kai. Da wane ido za ta dubi surukarta ta ce ita ta bi jikin ɗanta tana aunawa? Hawaye suka zubo mata.

"Kin gani ko, Inna? Shiru!" in ji Zinariya. "Sumumu-ƙasau kenan. Dama an ce miki ƙawayenta na yi mata dariyar miji."

"Haɗa kayanki," in ji Inna Kande. "In ya dawo daga kasuwar Babban Mutum shi zai mai da ke gidanku da kansa."

Adawiyya ta share fuska da gefen hijabinta. "Na ji, Inna. Amma don Allah a bar ni in gama haɗa rigar."

"Gama mana! Ai ita ce shaidarmu," in ji Zinariya.

Ta shiga ɗaki ta hau keke. Zare ya tsinke, ta sake zurawa. Ta cusa 'yar auduga a kafaɗar hagu ta bi ta da ɗinki, ta mai da aljihu ɓangaren dama, ta faɗaɗa tsagar wuya yadda zai zura kai ba sai ya ɗaga hannu ba. Akwatinta na gefe, a ɗaure.

Bayan la'asar Saminu ya shigo da ƙurar kasuwa a jiki. Tun bai zauna ba aka zayyana masa komai. Ya gyara tawul ɗin kafaɗarsa, ya juyo ya dube ta.

"Adawiyya... har da ke?"

Wannan maganar ta fi duk faɗan Inna yi mata ciwo. Ta durƙusa ta miƙa masa rigar da hannu biyu.

"Ka gwada kawai. In ba ta yi ba, ga akwatina can."

Ya karɓa ya shige ɗaki. Ya daɗe har Zinariya ta fara taɓe baki.

Labule ya ɗaga. Saminu ya fito, kafaɗunsa a daidai, wuyan riga ya zauna ɗas, kowane hannu ya tsaya cif a wuyan hannunsa. Tawul ɗin na hannunsa na dama, a dunƙule.

Zinariya ta zagaya shi, baki buɗe. "Wai tsaya... wanne ne ma hannun?"

Ya ajiye tawul ɗin a gaban mahaifiyarsa.

"Inna, a ba yara su riƙa goge kwanuka da shi. Kuma in an mai da Adawiyya gida, sai dai a haɗa da ni."

Inna Kande ta kai hannu ta shafa kafaɗar da ta daɗe tana kau da kai daga gare ta, sai kuka ya ƙwace mata.

"Ni na haife shi, amma na kasa kallon wurin nan. Ke kin kalla, 'yata. Tashi ki kwance akwatin. Ki yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba, Inna."

"To amarya," in ji Zinariya tana sosa ƙeya, "shi ma maigidana tumbinsa ya gagari teloli. Ko za a taimaka?"

Dariya ta ɓarke har da mai hawaye.

'Yan'uwa, so na gaskiya ba ya runtse ido daga raunin masoyi. Dubansa yake yi da kyau, sannan ya suturta shi. Kada mu yanke wa mai kunya hukunci don ta yi shiru. Adawiyya ta yi haƙuri, Allah kuwa ya wanke ta tun rana ba ta faɗi ba.