Ɗakin Hajiya Halima

Ranar da Mikail ya fara ganin Bahijja, yana tsugune ne a wani lungu bayan Ƙofar Mazugal, yana ɗaukar hoton wani tsohon ƙyaure. Ya ɗauka ta dama, ya ɗauka ta hagu, ya kai kyamarar har kan ƙusoshin, sai ƙyauren ya buɗe. Budurwa ce ta fito, doguwa, da mayafi ruwan toka. Ta tambaye shi ko ƙofar gidansu ta yi wani laifi ne.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya yi mata bayani. Wani kamfani ne a ƙasar waje yake haɗa wasan kwamfuta, irin wanda mutum dubu ɗari za su shiga lokaci guda ta intanet, kowa yana ɗakinsa, amma su haɗu a duniya ɗaya. A can rana tana faɗuwa duk bayan awa biyu, wanda aka kashe kuma sai ya farka a bakin rijiya ya ci gaba da harkarsa, don haka ba su da maƙabarta. Mutum ɗari huɗu ke aikin, shekara ta biyar ke nan. Shi aka ba wa ginin wani birni mai ganuwa, kuma daga ɗakinsa a Dala yake gina shi, bango bayan bango.

Ta kalle shi ta ce, "Akwai damina a can?"

Ya ce akwai, amma ba ta cin gini.

Daga nan aka fara gaisawa ta waya. Ita ta sa masa suna Maginina, shi kuma yana ce mata Hasken Lungu. Wata safiya ya rubuta mata: "Hasken Lungu, jiya na gina kasuwa guda da rumfa saba'in, amma na rasa wadda zan saya wa awarwaro a ciki." Ta mayar masa: "Maginina, awarwaron gaske nake so. Na cikin kwamfuta ba ya ƙara."

Gidan su Bahijja tsohon gidan ƙasa ne, kakan kakanta ya gina shi da ya zo fatauci daga Turabulus. Mahaifinta, Alhaji Idris, mai sayar da turare ne. Tun da matarsa Hajiya Halima ta rasu shekara uku baya, ya kulle ɗakinta yadda ta bar shi: gadon ƙarfe mai rumfa, jeren tasoshi, carbinta a jikin ƙusa. Daga shi sai Bahijja ke shiga. Amma bangon baya ya tsage, tsagar kuma kullum ƙara baki take.

Bahijja ce ta roƙi Mikail ya gina mata ɗakin a inda ruwa ba ya cin gini. Ya koya mata yadda za ta ɗauki hotuna, ta turo masa ɗari uku. Wata biyu ya yi yana aikin, har tabon hayaƙin turare a jikin azara bai bari ba. Da ya nuna mata a waya sai ta riƙa shafa gilashin da yatsa tana kuka.

Kuskurensa ɗaya ne. Don ɗakin ya samu hasken rana da inuwa yadda ya kamata, sai ya dasa shi a cikin birnin da yake gina wa kamfanin, a ƙuryar wani lungu da yake ganin ba mai zuwa.

Dama Alhaji Idris bai yi na'am da shi ba. Da baffannin Mikail suka zo neman izini, cewa ya yi bai taɓa jin magini da hannunsa bai san laka ba, zai yi shawara. Zuciyarsa tana kan Nasir, ɗan amininsa, mai shagon wayoyi. Nasir kuwa ma'abocin irin waɗannan wasanni ne, shi ya fara ganin tallan da kamfanin ya saki, ya gane ƙyauren, ya kai wa Alhaji har shago.

A cikin tallan wani ƙato ne mai sulke da ƙaho ya banko ƙofa, ya ratsa zaure da takalminsa ba sallama, ya wuce cikin gida, ya faɗa ɗakin Hajiya Halima. Ya haye gadon, ya diro, ya bi tasoshin da takobi yana farfasawa wai yana neman zinariya.

Alhaji ya aika aka kira Mikail. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi mutum nawa za su iya shiga ɗakin nan idan an buɗe wasan. Mikail ya sunkuyar da kai ya ce duk wanda ya biya.

"Shekara talatin muna tare da Halima, ko ƙanena bai taɓa tsallake bakin ƙofarta ba," in ji Alhaji. "Ka goge shi. Duk inda yake, ka goge. Kada kuma na ƙara ganinka a lungun nan."

Ya sa Bahijja ta share hotunan wayarta a gabansa. Kafin la'asar saƙonta ya iso wa Mikail: "Amana na ba ka, ka kai ɗakin Ummata kasuwa. Nawa suka ba ka?" Ya rubuta mata amsa sau huɗu, ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Mikail ya roƙi shugabar sashensu a kamfanin a cire ɗakin. Ta ce duk abin da ya shiga ma'ajiyarsu nasu ne, kuma ɗakin ne abin da jama'a suka fi so a tallan, ba za su iya rasa shi yanzu ba. Masu zuba jari sun gaji. Manyan wasanni uku irin nasu aka rufe a shekarar, aka kashe duniyarsu da mutanen ciki kamar an kashe fitila. Abokan aikinsa ma abin da suke faɗa ke nan, cewa da wuya a sake tara mutum ɗari huɗu shekara biyar a kan wasa ɗaya. Ƙanana za a koma yi, birane kuma na'ura ce za ta riƙa zanawa.

Mikail ya cire ɗakin da hannunsa, ya ja bango ya toshe lungun. Ya goge na kwamfutarsa, ya goge hotunan ɗari uku. Washegari aka sallame shi, aka ce sunansa ba zai fito a wasan ba. Bayan wata biyu ma sai wasan ya rushe gaba ɗaya. Aka sallami kowa, aka janye tallan, ofishin ya daina amsa wasiƙa. Birnin da ya yi shekara biyar yana ginawa ba wanda ya taɓa kwana a cikinsa.

A watan Agusta aka yi ruwan kwana biyu. A rana ta biyu, bayan azahar, ɗakin Hajiya Halima ya zauna. Ba a rasa rai ba. Mikail ya ji labari, ya zo ya shiga cikin maƙwabta ana kwasar ƙasa, ba wanda ya kore shi. Gadon ya lanƙwashe, tasoshin sun lotse, carbin ba a gan shi ba.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara. "Maginina, na ji abin da ya same ka a wajen aiki, ka yafe min. Don Allah ka gaya min gaskiya, ka ɓoye ko hoto ɗaya?" Ya mayar mata: "Ko ɗaya, Haskena."

Bayan kwana uku Alhaji ya sa aka kira shi zaure. Tsohon ya rame. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar mutan gida, ya yi zancen ruwa, sannan ya ce, idonsa a kan tabarma, ko za a iya nuna masa ɗakin nan sau ɗaya. Ba zai gaya wa kowa ba.

"Baba, ka ce na goge."

"Na sani. Amma ku yaran zamani ai kukan ajiye wani a gefe."

"Ban ajiye ba, Baba."

"Da ka ajiye, wa zai sani?"

Alhaji ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Da ya sauke hannun sai ya ce, "Da ka saɓa min, da yau na yi maka godiya." Ya share ido. "Ka ce wa baffanninka ina jiran su ranar Asabar."

An ɗaura auren bayan damina, ranar Juma'a, a ƙofar gidan. Aka raba goro da alawa. Nasir ma ya zo ya yi musafaha. Ango a lokacin yana zana wa masu shaguna alluna ne, yana koyar da zane a kwamfuta, abin da ake samu dai ya isa tuwo.

Da za a kai amarya, aka shigar da ita wajen mahaifinta. A tsakar gida ta same shi, zaune a kujera kusa da filin da aka share, inda ba komai sai ƙasa ja. Ta durƙusa. Ya ɗora hannu a kanta ya ce ya ba ta ga mutumin da ake bar wa magana a tafi a kwanta. Ya ce ta riƙe shi da kyau. Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuriya ɗayyiba, Ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba.

Mata suka amsa da amin, aka ja mata mayafi, aka fita da ita.