Gadar Da Auta Ta Liƙe

Auta tana sharar falo ta hango 'yar gadar mijinta a ƙarƙashin tebur, ta rabe gida biyu. Kwana da kwanaki yana haɗa ta da siraran katakai da gam, kusurwa uku-uku, saboda gwajin ajinsu na injiniya. Ita kunya ba ta barinta ta yi tambaya, kallo kawai take yi. Ta ɗauko gam ta liƙe ta tsaf, har da goge wurin don kada ya ga tabo.

Da ya dawo daga makaranta ta miƙa masa tana murmushi. Sai ya dafe kai.

"Wayyo Auta! Da gangan na karya ta! Bokitin yashi na rataya mata don in ga inda za ta fara saki. Na makara da safe, ban tsaya dubawa ba, ga tes jibi!"

Inna, mahaifiyarsa, ta ɗaga labule.

"Ban faɗa ba? Karatu da amarya ba sa haɗuwa. Ta tafi gidansu sai ka gama shekarar nan."

"Inna, ki yi haƙuri, don ta faranta min ta yi."

"In ka faɗi, ita za ta ba ka takardar?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Kanta a ƙasa ta ce, "Yaya, ai katakon bai karye ba. Gam ne ya saki, nan ƙasa inda katakai uku suka haɗu. Da nake liƙewa na gani."

Ya zaro ido. "Kin tabbata?"

Ta gyaɗa kai. Inna ta taɓe baki. "To, mu ga jibin."

Tare suka haɗa sabuwa. Yana manna ƙaramin fallen katako a kowace mahaɗa, tana danne masa da yatsa har gam ya sha iska.

Ranar gwaji ya shigo da gadar a leda, rugu-rugu.

"Ta sake karyewa!" in ji Inna. "Auta, ɗauko jakarki."

Ya fashe da dariya. "Inna, ta kowa sai da ta karye, ƙa'idar ke nan! Lakcara ya yi ta zuba yashi, bokiti ya cika, aka ƙaro wani. Tamu ce ta biyu a ajin!"

Inna ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Makarantar da ake ba da maki don an yi ɓarna. Ke kuma tsayuwar me kike yi? Zo ki tsefe min kaina."

Ya saka wa Auta ledar a hannu, ya yi ƙasa da murya. "Wannan kam liƙe ta, ki ajiye mana."

Tun daga ranar Auta ta gane: in zaman aure ya tsage, ba shafe wurin ake yi a ɓoye ba. A nuna wa juna inda ya saki, a gyara tare.