Golar da Ta Yi Shiru

Auta tana tsugune a tsakar gida tana wanke safar hannunta ta gola a baho, Umma ta leƙo ta ce Mai Walda, saurayin da zai aure ta, yana ƙofar gida. Ta ɗauraye hannu da sauri ta fita tana murmushi, don jiya ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasa ta ci ɗaya da nema, kuma ita ce ta tsare raga. Ta ɗauka kirari ya zo yi mata. Kullum in ya gan ta sai ya ce Hajiyar raga, yau nawa aka kama? Ranar kuwa ko ɗago kai bai yi ba, yana ta murza hannunsa mai tabon wuta.

Da ƙyar ya faɗa mata. Wai Mama ta kalli wasan jiya a talabijin ɗin maƙwabta, kuma ta ce a dakata da kawo kayan aure. Mamansa ungozoma ce, duk unguwa ana shakkarta. Sau biyu Auta ta je gaishe ta, ta durƙusa har ƙasa, muryarta ma da ƙyar ake ji. To sai ga wannan yarinyar a talabijin, ta wage baki tana daka wa Kyaftin ɗin ƙungiyar tsawa, har da nuna ta da yatsa, alhali Kyaftin ta girme ta da shekara goma sha biyar.

"Cewa ta yi, wadda ta nuna wa yayarta yatsa a gaban duniya, ni uwar miji me za ta nuna min?"

Auta ta ce ai aikin gola ke nan. Ya ce ya sani, ya yi bayani har bakinsa ya bushe, Mama ta ce shi ma an shanye shi da ƙwallo. Ya ce ta ƙara haƙuri. Ta koma ɗaki ta kifa kai a filo don kar Umma ta ji kukanta.

Kuma abin ya zo a mummunan lokaci. Wannan ƙungiya ba ƙaramar wahala ta sha ba kafin ta kawo nan. Matan farko kwana biyu suka yi a motar haya zuwa wasansu na farko a waje, da takalman aro na maza, suna cusa tsumma a ciki don kar su fita. Sha biyu aka zura musu. Suka dawo ana musu dariya, washegari suka koma tirenin. Shekara bakwai ba su ci kowa ba. Ranar da suka fara yin kunnen doki kuka suka yi kamar sun ɗauki kofi. Sau uku suna zuwa bakin ƙofar gasar nahiya ana maido su, kuma duk ukun da Kyaftin aka yi. Yanzu saura wasa biyu, ɗaya a waje ɗaya a gida, kuma Kyaftin ta ce daga wannan ta ajiye takalmi.

Auta ba ta gaya wa kowa ba. Ita kaɗai a ranta ta yanke cewa daga yau ba za ta ƙara ɗaga wa kowa murya a fili ba, Mama ta gani ta san tana da tarbiyya.

Aka je wasan waje. Aka ba wa masu gida bugun kwana. Auta ta hango wata doguwa ta zagayo bayan Kyaftin, ta buɗe baki, sai ta tuna da kyamara, ta haɗiye maganar. Doguwar ta sa kai, ƙwallo ta shige. Bayan hutu aka ɗago wata sama, Auta ta fito kamawa ba ta ce tawa ce ba. Kyaftin ma ta yi tsalle. Gwiwar hannun Auta ta fasa mata gira, ƙwallo ta gangara raga a hankali, kowa yana kallo. Biyu da nema aka tashi.

A ɗakin canja kaya, bayan an yi wa Kyaftin ɗinki biyar, ta ja Auta bayan ƙofa ta tambaye ta ina muryarta ta je. Auta ta ce maƙogwaro ke mata ciwo. Kyaftin ta ce ƙarya ne, ta ji ta da safe tana rigima da wata 'yar wasan baya kan cajar waya. Nan Auta ta fashe da kuka ta faɗi komai. Kyaftin ta yi dariya har ɗinkin ya ja ta, sannan ta daina dariyar ta ce, wato saboda suruka kika bar mu goma a makance. Auta ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Suna dawowa, da hantsi, Kyaftin ta sa mayafi ta ce Auta ta kai ta gidan su Mai Walda. Suka tarar da Ungozoma tana tafasa almakashinta a ƙaramar tukunya, Mai Walda yana rakuɓe a bakin ƙofa. Suka durƙusa suka gaishe ta. Ba ta ko kalli Auta ba, girar Kyaftin ta ƙura wa ido, ta ce wane mahaucin ne ya yi wannan ɗinki? Sannan ta ce ai ta gani a talabijin, daga tsawa yanzu an kai ga duka.

"Mama, ba tsawarta ce ta fasa min gira ba, shirunta ne. Ni ba ni da ido a ƙeya. Duk cikinmu ita kaɗai ke ganin fili gaba ɗaya. Tun tana 'yar sha bakwai ni na koya mata ta yi min ihu."

Ungozoma ta ce to ba za ta iya cewa Yaya don Allah ki matsa ba? Kyaftin ta ce kafin ta kai don Allah an ci su. Sai ta sunkuyar da kai ta ce tana da tambaya, in ba za a ga rashin kunyarta ba: in mace tana naƙuda, kan ɗa ya taho, uwar ta gaji ta saki jiki, lallashinta Mama take yi? Daga bakin ƙofa Mai Walda ya ce wancan satin har shagonsa ya jiyo Mama tana yi wa matar mai unguwa tsawa. Ta ɗaga ludayi ya gudu. Amma ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ba ta yanke hukunci da bakin wani, ranar wasa za ta zo ta ji da kunnenta.

Ta zo kuwa. Ta zauna daidai bayan ragar Auta da jakarta a cinya. Auta tana ganinta ta kawar da kai. Minti goma muryarta kamar ta sauro, har aka kusa cin su. Sai ta ji wata murya daga baya ta keta duk hayaniyar filin.

"Ke 'yar nan! Buɗe baki, ga wata can ta hagu!"

Wallahi daga nan ba a ƙara jin kowa ba sai su biyu, Auta da Ungozoma. Ba a ci Auta ko ɗaya ba. Amma ɗaya kawai suka iya ci, kuma bai isa ya goge biyun da aka ci su a waje ba. Karo na huɗu ke nan. Kyaftin ta cire takalminta a tsakiyar fili ta fita a hankali, jama'a duk sun miƙe suna mata tafi.

Auta tana zaune a gindin ƙarfen raga tana kuka Ungozoma ta zo ta tsaya a kanta. Ta ce laifin nan rabi nata ne, kuma ita za ta je da ƙafarta ta ba Kyaftin haƙuri. Ta ce jibi za a kawo kaya.

"Amma ihun nan a fili ake barinsa. Gidana murya ɗaya ta ishe shi."

Bayan shekara biyu ƙungiyar ta shiga gasar nahiya karo na farko, Auta a raga da aurenta, Kyaftin a gefen fili tana mataimakiyar koci.

Shi ya sa, 'yan uwa, kar a yi wa mutum hukunci da abin da aka hango daga nesa ba a san aikinsa ba. Kuma in abu ya dame ki, ki faɗa wa na gaba da ke tun da wuri. Auta ta samu mijinta, amma Kyaftin ba ta taɓa buga gasar nan da ƙafarta ba, kuma har yau Auta ba ta manta ba.